Kwana biyu a Disneyland Paris: a ina mata da miji za su ci abinci?

Wanda ya ware kwana biyu ko uku don ya kai iyalinsa Disneyland Paris, lissafinsa kan tsaya ne a kan biza, jirgi, otal da tikitin shiga. Abinci kuwa sai a bar shi a "in mun je ma gani". Can ɗin ake gani. Ƙarfe ɗaya na rana ta yi, ƙafa ta gaji, yunwa ta taso, duk gidan abincin da ke da teburin zama ya ce ya cika, layin masu sayen boga ya fito har waje, ga shi an ɗaga kai an duba allon abincin an tarar rabinsa da naman alade. Daga nan fuska take fara canjawa, tafiyar da aka yi don hutu ta koma "ai sai da na faɗa maka".

Wurin yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Paris, an kuma buɗe shi ranar 12 ga Afrilun 1992. Filayen wasa biyu ne suna kallon juna: babban, wato Disneyland Park mai fadar nan da ake gani a hotuna, wanda aka raba yanki-yanki (Main Street, titin da ake fara shiga, sai Frontierland, Adventureland, Fantasyland da Discoveryland), da na biyun da aka buɗe a 2002 da sunan Walt Disney Studios, wanda sabon sunansa Disney Adventure World. Da fitowa daga ƙofofinsu sai tashar jirgin ƙasa ta Marne-la-Vallée–Chessy, sai Disney Village, wani titi na shaguna da gidajen abinci da ake shiga ba tikiti, sai otal-otal a bayansa kewaye da tafki. Sanin wannan shimfiɗa yana da amfani, domin zaɓin abinci a nan zaɓin tafiyar ƙafa ne da na lokaci.

Lokacin nan kuwa da kuɗi aka saye shi. A ce tikitin kowannenku Yuro 100 ne, filin kuma zai yi awa 12 a buɗe. Kowace awa ta tashi a kan Yuro 8 da ɗoriya ga mutum ɗaya. Zaman cin abinci na awa ɗaya da rabi ya cinye muku kusan Yuro 25 na tikiti ku biyu, tun kafin a kawo rasit. Mai mako guda a hannu ba ruwansa da wannan lissafi. Mai kwana biyu dole ya yi shi, kuma abin da lissafin ke nunawa shi ne zama ɗaya mai tsawo a rana ya isa. Aikin da ya rage shi ne a san wane zama ne, a ina, da ƙarfe nawa.

Maganar nama tukuna

Yawancin naman da ake dafawa a wurin ba yankan Musulmi ba ne. Akwai masu ci muddin ba alade ba ne, akwai waɗanda ba sa kusantarsa sai sun ga shaidar halal, akwai kuma waɗanda wannan bai shafe su ba. Ko wane ɓangare kuke, ku yanke shawara ku biyu tun daga gida. Ba a teburi ake buɗe wannan muhawara ba, ma'aikaci na tsaye da biro a hannu.

Wanda ya tsaya a kan halal zalla, duniyarsa a nan kifi ce da ganye da cuku da taliya, sai gida ɗaya da za a zo kansa. Kalmomin da ido zai riƙa nema a jerin abinci su ne porc, jambon, lardons, saucisson da chorizo. Duk alade ne. Lardons ya fi kowanne yaudara, don 'yan ƙananan yanka ne da ake barbaɗawa a kan salak, a cikin dankali ko miyar taliya, sau da yawa kuma sunan abincin bai ambace su ba. A kayan zaƙi ana neman gélatine da rhum. A miya kuma vin, domin girkin Faransa yana son giya a tukunya, har miyar da ake zubawa a kan kifi takan zo da farar giya a ciki. Da farko an buɗe filin ba a sayar da barasa, amma tun 1993 aka sauya, don haka za ku ga kwalabe a teburan maƙwabta a duk gidan da ake zama.

Akwai kuskuren da masu taka-tsantsan ma kan faɗa. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da borin jini, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, alkama da kifi. In kuka nemi bayani, wannan takardar za a miƙo muku. Alade da barasa ba sa cikin sha huɗun nan, saboda haka takardar ba ta amsa tambayarku ba. Tambayar baki ce: "Est-ce qu'il y a du porc ou de l'alcool dedans ?" 'Yan Nijar ba sa buƙatar a koya musu wannan. Sauran kuma su yi da Ingilishi, ma'aikatan suna ji.

Kanta: araha da sauri, in an san lokacin zuwa

Gidajen kanta su ne waɗanda za ka bi layi, ka biya, a ɗora maka a tire, ka nemi wurin zama da kanka. Haɗin mutum ɗaya, wato babban abinci da soyayyen dankali ko salak da abin sha, yakan kama daga Yuro 15 zuwa 20. Ku biyu Yuro 40 ta sallame ku. Babu maganar kama wuri tun daga gida.

Matsalarsu ɗaya ce, amma babba. Faransawa ba sa wasa da lokacin cin abinci: daga 12 zuwa 2 na rana kowa ya nufi kanta a lokaci guda. Café Hyperion da ke Discoveryland shi ne mafi girma, shi ne kuma ya fi shahara da layin da ba ya motsi. A ranar cunkoso rabin awa zuwa minti 45 kan tafi a tsaye kafin a kai gaban mai karɓar kuɗi. Kun gudu daga zaman awa ɗaya da rabi, kun ƙare da awa ɗaya da kwata a kan boga: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Maganin shi ne a ci da 11 da rabi, ko a daure da ɗan abin taɓawa har 2 da rabi ta wuce. Wasu gidajen suna karɓar oda ta manhajar Disneyland Paris: ka zaɓi abinci da lokacin karɓa, ka biya da kati, in ka iso ka danna cewa ka zo, ka karɓa a tagar da aka keɓe. Wannan yana buƙatar katin da ke aiki a ƙasar waje da intanet a waya, don haka a gwada su tun kafin yunwa ta zo. Kuma ko ta wace hanya, a raba aiki: ɗaya ya bi layi, ɗaya ya tsare teburi. Tire a hannu ana zagaye ana neman kujera, dankali na hucewa, shi ne abin da ya fi ɓata abincin kanta, balle a hunturu da kujerun waje ba sa zaunuwa.

Ga mai gudun nama, Toad Hall a Fantasyland ya fi dacewa: soyayyen kifi da dankali irin na Ingila, ba sai an yi dogon bincike ba. Ƙaramin wuri ne mai ɗakuna ƙanana, kuma ba kullum yake buɗe ba a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. Pizzeria Bella Notte, ita ma a Fantasyland, tana da fiza mai cuku zalla da taliya. Casey's Corner a Main Street gidan tsiran Turawa ne cikin burodi. Ba shi ne ya fi dacewa da mai gudun nama ba.

Abin da kanta ba za ta ba ku ba shi ne hira. Hayaniya ce, kekunan jarirai, da masu tsaye a kanku suna jiran ku tashi. A ɗauke ta a matsayin gidan mai: a sha, a wuce.

Ɗebi-da-kanka: inda kuke riƙe da agogonku

Nan kuɗin ƙayyadadde ne, kusan Yuro 40 zuwa 55 ga babba, ka ɗebi abin da kake so sau nawa kake so. Ana kama teburi tun da wuri kamar sauran gidajen zama. Fa'idarsa da ba a cika faɗa ba ita ce lokaci: ba jiran a ɗauki oda, ba jiran kicin. In kuna sauri minti 45 ya ishe ku, in kun gaji ku yi awa da kwata. Kuma ido yana ganin abincin kafin ya hau faranti.

Agrabah Café, a bakin shiga Adventureland, shi ne gidan da Musulmi masu ziyara suka fi sani da naman halal, kuma in zama ɗaya tak za ku yi a duk tafiyar, shi ne na farko a layi. An gina shi kamar lungunan tsohuwar kasuwar Larabawa: ƙananan ɗakuna masu shiga cikin juna, fitilu masu launi, darduma a bango, da tsakar gida da ake zama in yanayi ya yi kyau. Abincin na Maroko da Gabas ta Tsakiya ne. A teburin sanyi akwai salak kala-kala, zaitun da markaɗaɗɗen wake mai riɗi. A na zafi kuskus, shinkafa, kaza da nama da aka dafa a hankali da kayan ƙamshi. A ƙarshe kayan zaƙi masu zuma. Harshen da ya saba da dambu da miyar taushe ba zai yi baƙunta a nan ba. Duk da sunan da ya yi, da kun zauna ku tambayi ma'aikaci wane nama ne halal a ranar, domin jerin abinci da masu kawo kaya suna canjawa. A sani kuma cewa yakan rufe tun kafin filin ya tashi, wani lokaci tun da la'asar, saboda haka gidan abincin rana ne, ba na dare ba. Ƙanƙantar ɗakunan ta sa hayaniyarsa ba ta kai ta sauran ba.

Sauran biyun da aka fi nema labarinsu daban. Plaza Gardens, a ƙarshen Main Street kusa da fada, kyakkyawan gini ne mai madubai da ginshiƙai, amma a lokutan da masu shigar Mickey da abokansa ke zagaya tebura, wurin na yara ne, kuɗin ma ya fi. PYM Kitchen a fili na biyu, wanda aka buɗe a Yulin 2022, wasansa shi ne girma da ƙanƙanta: ƙatuwar boga da ake yankawa kamar kek, kusa da wata 'yar mitsitsiya. Abin kallo ne da ɗaukar hoto. Amma mai cin halal zalla zai biya kuɗin nama ya tashi da salak da kayan zaƙi, kuma a irin wannan wuri cokalin wannan kwano yakan yi yawo zuwa wancan. Ga wanda ba ya da wannan damuwa kuma yana da ci, PYM ya biya kuɗinsa. Ga ma'auratan da ɗayansu loma biyar ke ƙosarwa, duk wani ɗebi-da-kanka asara ce. Kuɗin ba ya raguwa don an ci kaɗan.

Teburi da mai kawo abinci: abin da ake saya wurin ne

A nan ne hoton "mu biyu" yake, a nan ne kuma aka fi yin nadama in an zaɓa da ka. Tsarin mafi yawansu ɗaya ne: somin-taɓi, babban faranti, kayan zaƙi, a kan kuɗi ƙayyadadde, kusan Yuro 45 zuwa 60 ga mutum ɗaya, abin sha daban. A kowane mataki zaɓi uku ne ko huɗu, galibi da kifi ɗaya da na ganye ɗaya. Ma'ana, mai gudun nama zaɓinsa ya ragu zuwa biyu, in miyar kifin ta zo da giya ya koma ɗaya. Shi ya sa ake buɗe manhaja a karanta jerin abincin gidan kafin a kama teburi, ba bayan an kama ba. Gaskiyar magana, da wannan kuɗin za a ci abin da ya fi shi a cikin birnin Paris. Adon wurin ake biya.

Captain Jack's a Adventureland ya fi kowanne cancantar wannan biya. Yana cikin ginin wasan kwale-kwalen Pirates of the Caribbean. Da can sunansa Blue Lagoon, aka sauya a 2017. Ko da tsakar rana kuka shiga, dare ne a ciki: fitilu na rataye a igiya, itatuwan kwakwa, ƙarar ruwa, kwale-kwale cike da mutane suna wucewa a hankali ta gefen teburan suna ɗago muku hannu. Duhun ya kai a karanta jerin abinci da fitilar waya. Iskar tana da ɗan danshi da warin ruwan tafki na cikin gini. Wasu ba sa ji, wasu yana damunsu. Teburan hawa-hawa ne, kuma na bakin ruwa su ne dalilin zuwa. Ba a kama su ta manhaja. Ku iso minti goma kafin lokacinku, ku ce wa mai tarba kuna son bakin ruwa kuma za ku jira. Ƙarin jiran minti 15 ko 20 ya fi a kai ku can baya inda kan mutane kawai za ku gani. Abincin ya karkata ga kifi da jatan lande da girkin tsibiran Karebiyan, abin da ya sauƙaƙa wa mai gudun nama, sai dai gidan 'yan fashin teku ne, rhum yakan leƙa cikin kayan zaƙi da wasu miyar. Aikinsu ba ya sauri. Ku ware awa ɗaya da rabi cur.

Bistrot Chez Rémy, a fili na biyu, an buɗe shi a 2014. Dabararsa ita ce an mayar da ku girman ɓera: kujeru kamar toshiyar kwalba, tebura kamar murfin gwangwanin jam, manyan farantai a tsaye suna raba wurin zama, laimar da ake sakawa a kofin lemo ta zama rumfa. Akwai haske, akwai raha, akwai yara da yawa. Abin da aka san shi da shi gasasshen naman sa ne da dankali, tare da ratatouille, wato haɗin yalo, tattasai, tumatir, albasa da wata 'yar koriyar kabewa da aka dafa har suka yi laushi. Mai cin naman ya tuna da kalma biyu: bien cuit. In bai faɗa ba, ko ya ce à point yana zaton ya nemi dafaffe, naman zai zo da ja a tsakiya, abin da mutanenmu da yawa ba sa iya haɗiyewa. Tsakaninsa da Captain Jack's, ga mata da miji su kaɗai, Captain Jack's ya fi. Chez Rémy na wanda ya fi son dariya da hoto ne a kan natsuwa.

Walt's yana saman bene a Main Street, ɗakuna ƙanana masu kayan ado na da, kuma shi ne mafi shiru a cikin babban filin. In aka dace da teburin taga a lokacin fareti, za a kalla a zaune ba turereniya, amma dace ne, ba alkawari ba. Silver Spur gidan gasasshen nama ne. Auberge de Cendrillon kuwa kuɗinsa na kusantar Yuro 100 ga babba, kuma abin da ake biya shi ne masu shigar gimbiya su zo teburi su gaisa. In ba amarya ce ta ce tun tana yarinya take mafarkinsa ba, a bar wa masu 'ya'ya mata.

Abu biyu kan rage rasit a duk waɗannan gidaje. Ruwan famfo kyauta ne a gidajen abincin Faransa: a ce une carafe d'eau, in ba haka ba za a kawo na kwalba a caje ku. Sannan ladan ma'aikaci yana cikin kuɗin da aka rubuta. Tukwici ganin dama ne, Yuro biyu ko uku in an ji daɗi.

Kama teburi

Ana buɗe kama teburi wata biyu kafin ranar zuwa, ta manhaja ko shafinsu. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana iya kamawa tun da wuri fiye da haka, har zuwa wata 12. Gidajen da aka fi nema, irin su Chez Rémy, Captain Jack's, PYM da Agrabah, lokutansu masu kyau kan ƙare da wuri, musamman ƙarshen mako da hutun makarantu. In kun tarar babu, kada ku fid da rai: mutane na sokewa, kuma teburin mutum biyu ya fi saurin fitowa. A riƙa leƙawa a kwanaki ukun ƙarshe da safiyar ranar.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne na tikiti. Kama teburi ba izinin shiga fili ba ne. Wanda ya sayi tikitin fili ɗaya a rana, ya shiga babban, ba zai iya tsallakawa Chez Rémy ko PYM ba, domin suna ɗaya filin. A daidaita ranar teburi da ranar tikiti. Ko da tikitin fili biyu ne, daga can cikin Fantasyland zuwa Chez Rémy tafiyar minti 20 ce ko fiye, da fita da sake shiga.

Sai tsarin abinci da ake haɗawa da kuɗin otal, na karin kumallo kaɗai, ko da abinci ɗaya, ko da biyu a rana. Sharaɗinsa shi ne ya hau kan duk wanda ke ɗakin, na duk kwanakin. Kuma bai ba ku teburi ba. Sai kun kama da kanku. Mai cin komai, mai son zama, wanda ya riga ya samu teburan da yake so, zai iya cin riba da tsarin abinci ɗaya a rana. Na biyu a rana kuwa a tafiyar kwana biyu yana nufin awa uku a kujera kowace rana. Mai cin halal zalla ya bar shi gaba ɗaya: zai biya kuɗin nama tun daga gida, ya zo ya ci taliya.

Bayan ƙofa

Ana fita a dawo a rana ɗaya da tikitin nan, don haka waje ma zaɓi ne. Disney Village minti biyar ne daga ƙofa. Akwai McDonald's, Five Guys, Earl of Sandwich, Vapiano, Starbucks, da Brasserie Rosalie a bakin tafki. Sun ɗan fi cikin fili sauƙi, amma maganar nama ba ta canja ba. Lokacin da ba a zuwa shi ne daidai tashin fili, sa'ad da dubban mutane suka fito da yunwa a tare.

Abin da mutane suka fi mantawa da shi gidajen abincin otal ne, alhali ba sai ka sauka a otal ɗin kake kama teburi ba. Yacht Club a Newport Bay Club ya karkata ga kifi da kayan teku. Manhattan a Hotel New York girkin Italiya ne. Tafiyar minti 10 zuwa 15 ce daga ƙofa ta gefen tafki. In abin da kuke nema shi ne ku zauna ku ji muryar juna, ku ci a natse, waɗannan sun fi duk na cikin fili, har da Captain Jack's. Abin da aka rasa shi ne yammacin filin, lokacin da layuka ke raguwa.

Unguwar Val d'Europe tasha ɗaya ce daga Chessy a RER A, jirgin ƙasan da ke haɗa wurin da birnin Paris, tikitin kusan Yuro biyu da rabi. Akwai babbar kasuwar zamani da kantin Auchan, kuma a unguwannin da ke kewaye ana samun gidajen shawarma da gasasshiyar kaza masu shaidar halal a ƙofa. Zuwa da dawowa da ci ba zai gaza awa biyu ba, don haka ba na tsakar rana ba ne. Na daren isowa ne: a ci nama a ƙoshi, a sayi burodi, cuku, ayaba, yogot da ruwa na gobe. Ana barin shiga fili da ɗan guzuri a jaka. Abin da ba a bari shi ne kwalbar gilashi da manyan kuloli. Akwai famfunan sha a ciki, gora ɗaya ta isa a yi ta cikawa. Daga gida kuma a riƙo dabino da ɗan ƙullin yaji, don girkin wurin ba ya da zafi ko kaɗan. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje, kuma ana ƙwacewa a filin jirgi.

Duk wanda wannan taka-tsantsan ya yi masa yawa, kuma bai riga ya sayi tikitin jirgi ba, ya dubi tsibirin Yas a Abu Dabi. Ferrari World, Warner Bros. World da SeaWorld duk a rufe suke da na'urar sanyi, naman halal shi ne ƙa'ida, wurin salla ba abin nema ba ne, kuma Yas Mall a manne yake da Ferrari World. Sai dai can ba su yarda a shiga da abincin waje ba.

Yadda kwana biyun za su zauna

In kun sauka a otal ɗin Disney, kuna da damar shiga da 8 da rabi, awa guda kafin sauran jama'a. Wannan awar ta fi kowace daraja, kada a cinye ta a teburin karin kumallo. A karya da 7, ko a sha shayi da burodi a ɗaki. Manyan lilo masu juya mutum, irin su Hyperspace Mountain, Indiana Jones, Flight Force, Crush's Coaster da Tower of Terror, a gama da su kafin babban abinci. Bayan an tashi daga Agrabah da cikin kuskus, abin da ya dace shi ne Phantom Manor (gidan fatalwa da ake zagayawa a hankali), jirgin ruwan Frontierland ko jirgin ƙasan da ke zagaya filin, har awa guda ta wuce.

Ranar farko, a babban fili: Agrabah da misalin 2 na rana, lokacin da ƙafa ta fara ciwo kuma zaman ya zama hutu. Da dare abu mara nauyi a kanta ko daga jaka, don a samu wurin tsayawa a gaban fada kamar minti 45 kafin wasan wuta da fitilu da ake rufe filin da shi. Teburin ƙarfe 8 a daren da za a rufe da 9 yana nufin ko a bar kayan zaƙi a kan teburi, ko a kalli wasan ta bayan kawunan mutane. Rana ta biyu a juya: kanta da 11 da rabi, sannan zaman dare da 6 da rabi a Captain Jack's (in tikitin ranar ya haɗa da babban fili) ko Yacht Club, tunda an riga an ga wasan wuta jiya. A sa lokacin salla cikin lissafin: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen 10 na dare, a Disamba kuwa tun wajen 5 na yamma. Wurin da za a keɓe a yi salla a tambaya a City Hall, ofishin baƙi da ke hannun hagu da shiga babban filin.

Ranar komawa kada a kama teburi. Jirgin ƙasa mai gudu na TGV daga tashar Chessy zuwa filin jirgin sama na Charles de Gaulle kusan minti goma ne kacal, amma ba kowane lokaci yake tashi ba kuma ana sayen kujera tun da wuri. RER A zuwa tsakiyar Paris kuwa minti 40 ne. Kicin ɗin da ya yi jinkirin minti 20 ya isa ya sa jirgin ya tafi ya bar ku da akwatuna a dandamali. A sayi sanwic ɗin kifi ko na cuku a Earl of Sandwich ko a cikin tashar, a ci a hanya.